Awon Bututu

Bayan Birni, inda duwatsu suka durƙusa
kamar raƙuman da aka sauke wa kaya,
nan Barmu ya kafa filin wasansa:
tsofaffin tayoyi, gangunan mai, ragar waya.
Ni ne mai zama a inuwar bedi
da kwali shida da bututu bakwai kan tabarma.
Ni kaɗai ne ba na harbi.

Da la'asar samari ke zuwa kan kabu-kabu,
kowa na neman bindigar da ta fi ƙara.
Ba mai tambayar ƙwallon.
Shi kuwa ƙwallon fenti, bai wuce ɗan kanya ba,
fatarsa ta fi ta ƙwai saurin fushi,
amma shi ke yanke shari'ar.

Sai in kwance bututu daga jikin bindiga,
in ɗaga, in leƙa, rana ma ta leƙo ni,
in jefa ƙwallo guda.
Idan ya zarce ya faɗo a cinyata, ya yi kaɗan,
iska za ta bi ta gefensa ta bar shi yana tangaɗi,
ka auna Lawali, ka shafa wa akuyar mutane shuɗi.
Idan ya cije ya ƙi gaba,
a ciki zai fashe,
bututu ya yi ta aman ja,
sai tsumma, sai tsinke, sai mai bindiga na harara ta.
Na kirki shi ne mai tsayawa a bakin ƙofa
kamar baƙon da ke jiran a amsa sallama.
In kafa baki in hura, fuf,
ya fita da numfashi ɗaya.

Sai dai awon jiya ba ya yi wa yau.
Kwalin da ya taso daga Kano cikin bazara
ya kwana biyu a bayan mota a Matamai,
ya iso rabinsa a lotse.
Damina ta sauka, suka sha laima suka kumbura,
bututun da ya karɓe su ran Talata
ran Juma'a ya ce bai san su ba.
Shi ya sa suke kwana a ɗakina,
kusa da randa, ba tare da sun taɓa ta ba,
kullum da asuba ina juya musu kwanciya.
Hassiya ta ce, ko ƴaƴanka ba ka yi wa haka.

Ban tanka ba. Ta taka inda ƙayar take.
Nafi'unmu, na jefa shi lakwal, ya zarce ta ƙasa.
Na cusa shi garejin Ɗan Tanin, ya cije, ya fashe,
wata uku ko sannu ba ta haɗa mu ba.
Shekara goma sha tara
ban taɓa ɗaga yaron nan ga haske ba
in ga ko nawa ne faɗinsa.

Jiya sai ga shi, ba wasa ya kawo shi ba.
Ya tsuguna a gefen tabarma,
can ana ta ihu, wani ya sha rawaya a ƙeya.
Ya ɗauki guda, ya murza a tsakanin yatsu,
bai dube ni ba ya ce,
Baba, wannan na bututu na uku ne.

Na jefa.
Ya tsaya a bakin ƙofa.

Na goge bakin da gefen rigata,
na miƙa masa.
Na ce, hura.