Firjin da Ya Koyi Kwanci

Shekara goma sha tara ina gyaran firji a Garwa,
ina koya wa ƙarfe yin sanyi.
Bana na juya sana'ar a kanta.

Bobbo Hamajoda ya bar mini nasa tun bara,
inji ya ƙone, kuɗin magani ya fi kuɗin gawa,
bai sake waiwayo ba.
Na feɗe shi kamar rago,
na huda masa hanci biyu ya riƙa shan iska,
na ɗaura fankar wata matacciyar kwamfuta,
na rataya ƙwan lantarki,
ƙwan da zai ɗumama ƙwai,
na ajiye kwanon ruwa a ƙasa saboda laima.

Ran Lahadi na hau babur zuwa kasuwar Pitowa,
na dawo da ƙwan zabi sittin cikin ƙaiƙayi,
kowane rami a hanya sai na tsaya mun gaisa.

Dudu ta dubi kwandon, ta dubi tukunya.
Ta ce, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki,
balle kazar da ke cikin firji.
Na yi shiru.
Amsata sai nan da kwana ashirin da takwas.

Tasalla, autata, ta ɗauki fensir,
ɗigo a wannan gefe, layi a wancan.
Asuba ta juya su, azahar ta juya su,
bayan isha'i ta juya su tana hamma.
Ni kuwa ma'aunin zafi ya zama surukina,
talatin da bakwai da rabi,
in ya ɗaga gira sai gabana ya faɗi.

Dare na goma muka rufe ɗaki, muka haska tocila.
Ga jijiyoyi ja sun bazu cikin ɓawo
kamar Binuwai in ta cika ta shiga gonaki,
ga wani ɗigo baƙi yana motsi.
Sha ɗaya kuwa fayau, ba kowa a gida.
Dudu ta karɓe su ba ta ce uffan ba,
da ma ta yi magana.

Dare na ashirin da biyu hadari ya taso daga gabas.
Tsawa ɗaya, unguwa ta yi duhu,
fanka ta yi numfashin ƙarshe.
Talatin da shida. Talatin da huɗu.
Na tsaya riƙe da sukundireba
kamar zan ɗaure sama da ita.

Sai na ji ana hura gawayi a tsakar gida.
Dudu ce, ruwa na dukan bayanta,
tana tafasa ruwa, tana ɗura kwalabe,
tana naɗe kowace da tsohon zane.
Ta jera su ciki, ta lulluɓe firjin da bargonmu.
Ta ce, ba don kai ba, don jaka shidan nan.
Kwana biyu tana canjin kwalabe,
har ta daina tuna kuɗin.

Ran ashirin da bakwai, kafin kiran salla,
ƙwas.
Can kuma, ƙwas ƙwas,
kamar baƙo mai kunya a bakin zaure.

Ɗaya ya huda, ya gaji, baki a waje.
Tasalla ta ce, Baba, bar shi.
Ban bari ba. Na ɓare masa da farce,
jini ya fito.
Yana gindin lemun tsami yanzu,
ba na son wucewa ta wurin.

Talatin da ɗaya suka fito da ƙarfinsu,
jiƙe sharkaf, suna tangaɗi.
Saura baragurbi.

Ba su san firji ba, ba su san ni ba.
Duk inda Dudu ta sa ƙafa suna biye,
tana korarsu da baki, tana watsa musu tsaki da hannu.

Jiya sai ga Bobbo, bayan shekara guda,
wai ko firjinsa ya gyaru?
Na ce ya gyaru, ranka ya daɗe,
sai dai ƙanƙara kam ya daina.
Zauna a kawo maka ruwan randa,
ka ga abin da yake yi yanzu.