Mabuɗin Aro

A ƙauyenmu, kudu da Sinnar kaɗan,
inda Nilu ke miƙo mana ɗan yatsansa ta magudana,
akwai wata ƙofar ƙarfe mai tsatsa.
Ka ɗaga ta, albasa ta sha.
Ka sauke ta, albasa ta sunkuya.

Kafin ƙofar, akwai ƙishirwa.
Kafin ƙofar, akwai kakana Namakka
yana saran ƙaya har tafinsa ya tsage.
Ba hukuma ta ba shi tafin ba,
ba hatimi a kan guminsa.
Ƙasar da ya jiƙa ta amsa sunansa,
takardar ke nan.

Amma dare yana da dogon hannu.
Wani ya karkatar da ruwan wani,
aka wayi gari da jini a kan kunya.
Kowa alƙalin kansa, kowa ɗan sandan kansa,
barci ya ƙaurace wa gari.

Sai suka zauna a gindin gawo,
su arba'in da bakwai, har da matan da ke da fage,
suka ce, "Jatau, riƙe mana mabuɗi.
Mudu guda daga kowane gida in an yi girbi.
Ba ruwa muka ba ka ba, na Allah ne.
Ba wuyanmu muka ba ka ba.
Sandunanmu muka jingine a wurinka
don kada mu ƙara rotsa kan juna."

Shekara goma sha tara Jatau yana riƙe.
Ya rasu da riga biyu.

Ɗansa Hamadu ya tsinci mabuɗin ƙarƙashin matashi,
ya ɗauka gado ne, kamar jaki.
Mudu ya zama tiya, tiya ta zama buhu.
Ya je Madani aka sassaƙa masa hatimi.
Ya ce wa Tanimu, "Ina shaidar gonarka taka ce?"
Tanimu ya nuna masa hannuwansa.
Kwana uku ya yi a kulle a ɗakin taki.

Inna Tasalla ce ta tashi daga kaskon kisira,
ƙullu bai bushe a yatsunta ba.
Ba ta ɗaga murya ba.
Ta ce, "Hamadu, ni na karɓi haihuwarka.
Da ka faɗo ka tsala kuka,
izinin wa ka nema?
Na duba hannunka na dama, na duba na hagu,
ban ga mabuɗi ba.
Haka Tanimu ya zo, haka ni.
Makiyayi don tumaki aka ɗauke shi;
ran da ya fara kallonsu da wuƙa
kwantiragi ya ƙare.
Ina nan ranar gawo, ni ce ta talatin da ɗaya.
Na zo karɓar abin da na ba da aro."

Ta shimfiɗa gefen mayafinta.
Bayanta mutane, shiru,
ko sanda ɗaya babu.
Ya dubi hatiminsa, hatimi bai ce komai ba.
Ƙarar mabuɗi a kan zane ba ta kai ta tsabar dawa ba.
Ba wanda ya taɓa shi.
Fagensa ma ya sha ruwa ran Talata, a layinsa.

Yau mabuɗin yana wuyana.
Bara suka ɗaga hannu, talatin da tara cikin sittin,
sauran kuwa albasarsu tana sha daidai da ta kowa.
Da asuba nakan je ƙofar,
ƙarfen da sanyi, igiyar tana cin fata.
Wani lokaci zuciya takan raɗa mini, "Naka ne."
Sai in tuna ƙullu a yatsun tsohuwa,
in ɗaga ƙofa,
in matsa gefe ruwa ya wuce.