Agogon da Na Ɓata

Sun ce gobe da ƙarfe bakwai.
Tun da suka faɗa, Baba bai sauke ido daga bango ba,
inda agogon asibitin Kole Bu
ke jan ƙafa, minti huɗu a baya.
Shi kaɗai ya lura.
Shekara talatin da takwas ya yi ƙarƙashin laima a Tudu,
gilashi maƙale a ido ɗaya,
yana koya wa agogunan mutane faɗin gaskiya.

Na gwada hira. Na kwaso masa Sabon Zango kaf:
akuyar Hajiya Memuna ta sake cinye sabulu,
Fuseni ya sayar da motarsa ya sayo bashi,
rufin masallaci na nan yana yoyo a sahun gaba.
Ya ce, "To." Ya ce, "Allah ya kyauta."
Yatsunsa kuwa suna ta tsinkar bakin zanen gado.

Na kawo ludo. Na ci shi sau biyu,
mutumin da ko ranar salla bai taɓa bar wa yaro wasa ba.
A nan cikina ya ɗuri ruwa.

Da la'asar na fita baranda.
Iskar teku ta zo da gishiri da warin tafki.
Na kwance agogon da ya ɗaura mini ranar da na gama makaranta,
na ɓalle bayansa da fil ɗin mayafina,
na taɓa inda ba a taɓawa.
Ya yi shiru.
Na yi istigfari, na koma ciki.

"Baba, ya mu..."
Na ciji harshe.
"Ya tsaya."

Sai ga shi ya tashi zaune ba wanda ya tallafe shi.
"Miƙo min jakata."
Nas Ajuwa ta ɗaure fuska, ta dube shi, ta dube ni,
ta turo teburin cin abinci, ta wuce.
Ya shimfiɗa farin hankici.
Ƙusoshi suka fito ɗaya bayan ɗaya, ƙanana kamar riɗi.
Masuncin gadon kusa, wanda ba ya jin Hausa ko ta sayen koko,
ya miƙo hannu da robar ƙarin ruwa a jiki,
ya haska masa fitilar waya.

Magariba ta wuce. Isha ta wuce.
Sha biyu ta yi, aka ɗauke kofin ruwa,
bai ma ɗago ba.

Can ya ce, idonsa na kan aiki,
"Salamatu, wanda ya taɓa wannan,
hannunsa rawa yake yi."
Na kasa haɗiye yawu.
"Likitan nan ɗan sana'a ne. Na duba yatsunsa.
Ni ma na buɗe dubu na rufe,
ba wanda na buɗe da niyyar ɓatawa.
Kwanta."

Na kwanta a kujera, wai ni ce mai jinya.

Da asuba suka zo da gado mai taya,
ɗaya tayar na kuka.
Suka cire masa hula, suka sa masa wata, shuɗiya, ta takarda.
Ya damƙa mini hankicin a ƙulle,
sannan ƙusa guda, daban, a tafin hannu.
"Saura wannan.
Kada ki kai wa kowa. Aikina ne."

Ƙofa ta haɗiye shi.

Ga ni a benci.
Na bango na cewa tara saura kwata,
na san ƙarya yake, da minti huɗu.
Nawa na cikin hankici, bai ce komai ba.
Na bar carbi a jaka,
ƙusar nan nake juyawa tsakanin yatsu,
ta yi ɗumi,
ina jiran mai ita.