Ɗinkin Ciki

A Hull, kan titin Spring Bank, shagona yake,
tsakanin mai gyaran waya da Bakurden da ke gasa gurasa.
Shekara goma sha ɗaya ina rage ƙafar wando,
ina sake zif a rigunan sanyin mutanen gari.
Duk rigar da ta shigo hannuna, kafin in ce uffan
sai na juya ta baibai.
Fuska ta mai saye ce,
gaskiyar tela a ciki take kwana.

Ran Laraba Tasallah, jikata, ta faɗo da yayyafi a ka,
ta jibge jaka a kan kekena.
"Kaka, malama ta ce mu gano yadda aka gina wannan shafi."
Shafin kifi ne, da jiragen da suka daina fita teku.
Ni da na ajiye boko a aji biyar a Gumel,
ina ni ina gini?
Na ce, karanta, ki mayar mini da Hausa, kar ki yi gudu.

"Da farko," in ji ta, "daga nan, bayan wasu shekaru..."
Na ce tsaya nan.
Wannan jerin maɓallai ne,
kowanne na kallon ramin da aka huda dominsa.
Tsallake ɗaya, ki ga riga ta karkace har wuya.

Ta ci gaba. "Saboda an rufe musu ruwan arewa, sai..."
Na ce madalla, an ja zare.
Ka ja shi a hammata, tattara ta ɓullo a kafaɗa.
Duk inda kika ji saboda,
bi da yatsa har inda yadin ya yamutse.

Da ta kai kan "amma" ban ko ɗaga kai daga allura ba.
Hannun riga biyu ne, na ce, an shimfiɗa su gefe da gefe:
tashar jiya, tashar yau,
a ga wanne ya ɗara ɗan'uwansa.
Ta ciji fensir, ta harare ni.
"Ashe tsoho ɓoye bokonsa yake yi."

Sai zuciya ta ba ni.
Na zaro wasiƙar da almakashi ya danne tun watan jiya,
daga masu ginin nan, kan bangon da ke tsattsafo
har ya ɓata mini bandir ɗin shadda guda.
Na ce gwada wannan.

"Mun samu kukanka game da danshi."
To, ga yaga an nuna.
Wanda ya nuna maka yaga, faci yake shirin ɗaukowa,
haka na sani tun ina riƙe wa maigidana zare.
Na gyara zama ina jira.
Sun gode.
Sun ji ba daɗi.
Ina da muhimmanci a wurinsu ƙwarai.
Sa hannu.

Na ce juya bayan takardar.
Fari fat.

Tasallah ta yi shiru, can ta ce,
"Kaka, wannan ba ya cikin waɗanda malama ta koya mana."
Na ce yana cikin nawa.
Surfani ne aka zagaye rami da shi,
ido ya sha kallo, iska na shiga.

Muka juya takardar aikin gidanta.
Ita da biro, ni da alli a kunne.
Na ce fara da bango. Sa ranar da ya soma.
Sa saboda, ki jawo shaddar a bayansa, da kuɗinta.
Sannan ki bar fili, babba,
daidai girman facin da muke bin su.

Ta ce, "Ba gaisuwa?"
Na ce sa ɗaya, siririya, kamar kalmasa.

A waje bas ya wuce ya watsa wa tagar ruwa.
Maƙwabcina ya miƙo gurasa biyu da zafinsu.
Ta ci tata a tsaye tana sake karantawa,
tana bin layukan da ɗan yatsa
yadda nake bin ɗinki in ji inda zai saki.