Jar Tawada

Ofishina yana ƙarƙashin ƙasa, a ginin hukumar birnin Milwaukee,
jikin ɗakin tukunyar ɗumama bene.
Babu taga. Bututu ne ke gaya mini gari ya waye,
idan ya fara tari.

A nan na warware wata taswira da ta girme wa uwata.
Wani ma'aikaci da ba zan taɓa sanin sunansa ba
ya zauna da alƙalami, wataƙila cikinsa a ƙoshe,
ya shafa wa wasu unguwanni kore, wasu shuɗi,
da ya iso layin kakata Idella sai ya tsoma a ja.
Na sa tabarau na duba:
hannunsa ko rawa bai yi ba.

Ja, wato kada banki ya ba da rance.
Ja, wato rufi ya yi yoyo, a tara bokiti.
Tawadar ta bushe tun ba a haife ni ba,
har yau tana ɓata wa mutane riga.

Shugabana ya ce, "Odessa, tarihi ba hujja ba ne.
Kawo mini lamba."
To.
Na aiki mutum biyu neman haya a gida ɗaya,
Lavelle da Casimir.
Albashi ɗaya a takarda,
kwat iri ɗaya, ni na sayo musu a shago ɗaya,
har ƙaryar da na koya musu ɗaya ce:
mata, ɗa guda, babu kare.
Fata ce kawai ta gagare ni daidaitawa.

Ƙarfe goma, Lavelle.
Mai gida ya yi murmushi har kunne:
"Kash, ka makara, jiya aka kama."
Sha ɗaya da kwata, Casimir.
Aka ba shi kofi,
aka nuna masa inda hantsi ke sauka a kicin,
aka kaɗa masa mabuɗi.

Lavelle ya dawo ya zauna cike fom.
A gurbin "Yaya aka karɓe ka?" ya rubuta: "Da fara'a."
Sannan ya daɗe yana kallon ƙanƙarar takalminsa
tana narkewa a kan dabena.
Babu gurbin wannan a fom ɗin.

Sau ɗari da arba'in muka ƙwanƙwasa.
Sau hamsin da uku ƙofa ta leƙo ta tantance launi.

Ran Talata majalisar birni ta ba ni minti uku.
Hunturu biyu na aiki, minti uku,
raƙumi a cikin akushi.
Kansila guda tana rubutu kamar za ta fasa takarda.
Wani yana latsa waya.
Wani ya ce, "Tamanin da bakwai ai an buɗe musu,
ashe dai an ci gaba."
Agogo ya yi ƙara kafin in haɗiye miyau.
Aka gode mini ƙwarai.
Aka ɗage magana zuwa watan Maris.

Da yamma na hau bas mai bi ta kan gada.
Ƙarƙashin gadar nan, daidai ginshiƙi na huɗu,
nan ne kakata take shanya.
An rushe gidan don manyan motoci su wuce da sauri,
mabuɗinsa kuwa yana cikin jakata,
tare da kuɗin bas da maganin ciwon kai.
Ba ya buɗe komai.
Na gwada sa shi a rahoto,
an ce ba bayanan bincike ba ne.

Kafin in sauka, Casimir ya bugo waya.
Ya ce kofin nan ya tsaya masa a wuya tun Janairu,
ko akwai wani gida gobe?

Akwai.
Titin Burleigh, hawa na biyu, ɗaki biyu da falo.
Na ce ya goge kwat ɗin,
ya bar Lavelle ya fara shiga.