Gwaggo Mai Sarƙa

A wani kango bayan Ikorodu na same ta,
ciyawa ta huda sarƙarta,
ƙadangare na shan hantsi a kan garmarta.
Rasaki dillali ya ce, ka ji muryarta tukuna.
Murɗawa ɗaya ta yi tari, ta kama.
Ban kai hannu kan injin ba;
da na kai, da na gane
tun asuba suke ɗumama ta.

Bijimai goma sha ɗaya na Oko-Oba
da kwasar adashen Hansatu
suka koma ƙarfe ruwan ɗorawa mai tsatsa.
La'ada daban. Tirela daban.
Samarin bakin hanya su ma daban,
wai ƙasar kakanninsu za ta taka.

Epe. Eka shida na kurmi,
gora da kwakwar manja da ƙaya.
Mai fili ya ba ni zuwa ƙarshen wata,
kafin ruwa ya mai da wurin kunu.

Ta tunkuɗe itace uku,
a na huɗu ta yi tsit
kamar wadda aka tuna wa bashi.
Muka jira. Aka murɗa, ta tashi,
ta yi minti ashirin, ta sake kwantawa.
Lebura suka sa mata Gwaggo:
aiki kaɗan, hutu da yawa, mita a tsakani.

Baba Mufutau ya iso a kan acaɓa da buhun sifanu,
ya kara kunne, ya murza baƙin mai a yatsa,
ya ce batir. Na sayi batir.
Ya ce filta. Na sayi biyu.
Ya ce nozul, na wuni a gosulo
kafin in kai Ladipo, inda Ifeanyi ya rantse
nasa jiya ya sauka daga jirgi.
Aka ɗaura. Minti ashirin.
Tsit.

Hansatu ba ta ce komai ba a waya.
Shirunta da na Gwaggo, uwa ɗaya uba ɗaya.
Da dare, sauro na rera mini a kunne,
na fara lissafin kilo nawa za ta yi
in 'yan gwangwan suka sassare ta a sikeli.

Rana ta sha biyu,
Taofik, yaron Baba, siriri kamar tsinken tsire,
wanda aikinsa miƙa sifana da sayo burodi,
ya ce, oga, ba mutuwa take ba, shaƙe ta ake.
Baba ya daka masa tsawa.
Baba na juya baya ya ta da sallar azahar,
yaron ya buɗe tanki,
ya zura hannu cikin gas har hammata,
ya laluba, ya laluba,
ya zaro ledar fiya-wata.

Leda.
Wadda wani ya tsotse, Allah kaɗai ya san shekarar.
In injin ya ja mai, ta bi ta manne a bakin bututu;
in ya mutu, ta saki, ta koma yawonta
kamar ba ita ba.

Baba ya sallame, ya juya ta a tafin hannu,
ya ce dama tanki yake zargi.
Ba wanda ya tanka.

Yau kwana tara ba ta tsaya ba.
Tana shan gas kamar rairayi,
tiyo ɗaya na zubar da hawaye,
sarƙar hagu na neman zamewa in an sha kwana,
amma kututture na fita da saiwarsa
kuma balbelu na bin bayanta suna tsintar fara.
Itacen nan na huɗu na ce a bar shi,
a gindinsa muke jiƙa garin kwaki.

Ledar na ɗaure a jikin liba.
Tsohon nozul, ashe lafiyarsa ƙalau, yana cikin buhu;
Ifeanyi ya daina ɗaukar wayata.
Hadari na haɗuwa ta wajen ruwa, saura eka biyu.
Jiya Hansatu ta kira, ta gaishe da Gwaggo,
ta ce zubi ya zagayo.