Gidan Kunama

Ja ne wur, ya fi na kamfani sheƙi.
Wendell ya ce in saya, na zube dala tamanin.
Na kwance na asali daga bindigar fentina,
baƙi, mummuna,
na wurga shi akwatin kusoshi a gareji.

Wasa uku lafiya lau.
A na huɗu launin ya goge inda yatsana ke kwana.
Ramin fil ya fara hamma,
kunama ta koyi rawa, hagu da dama,
in na shafa ciki, garin ƙarfe a tafina kamar toka.
Na ɗaure noti. Ya juya, ya juya, bai kama komai ba.

Asabar, a dajin bayan Wausau,
na laɓe jikin matacciyar bas.
Marlys na tafe, ba ta gan ni ba.
Na ja. Shiru.
Na sake ja, kamar na tsoma yatsa a man shanu.
Ta waigo.
Ƙwallo biyu, ruwan ɗorawa, a gilashin fuskata.

Da dare na tona akwatin.
Yana nan, duk ƙura, ramukansa cif-cif.
Bai yi mini gori ba.